Rufe gwamnati a Amurka: in an kulle ƙofa talaka ya biya, in an buɗe daji ya biya

1/
Jama'a, yau zan kai ku Amurka. Kuna yawan ji a labarai wai "an rufe gwamnatin Amurka". To in an rufe ɗin, wa ke kwana a ciki? Na jera manyan rufewa huɗu, na 1995, 2013, 2018 da 2025, na kwatanta su ta fuskar dazuzzukan gwamnati da talakan da ke ci daga gare su. Zaren yana da tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/
Da farko, yaya ma ake rufe gwamnati? Shekarar kuɗinsu tana farawa ran 1 ga Oktoba. In ranar ta zo majalisa ba ta amince da kasafi ba, ko shugaban ƙasa bai sa hannu ba, ma'aikatun da abin ya shafa ba su da ikon kashe ko sisi. Kuɗin na nan a baitulmali fa. Izinin taɓawa ne babu.

3/
A Najeriya ba ma ganin irin wannan, domin sashe na 82 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa damar ci gaba da kashe kuɗi har wata shida in kasafi ya makara. Su can ba su da wannan kafar. Shi ya sa abin ke ba mu mamaki in mun ji.

4/
Abin da mutane da yawa ba su sani ba: su ma da ba haka suke ba. Kafin 1980, in kasafi ya makara, ma'aikata na ci gaba da zuwa ofis, ana jiran majalisa ta gama rigimarta. Sai Antoni Janar na zamanin Jimmy Carter, Benjamin Civiletti, ya ɗauko wata tsohuwar doka ta ƙarni na 19 ya yi mata sabuwar fassara.

5/
Fassararsa ta 1980 da 1981 ita ce: in babu kasafi, aiki ya tsaya cak, sai wanda ya shafi kare rayukan mutane ko kare dukiya. Ku riƙe wannan kalmar, "kare dukiya". Za ku ga yadda kowace gwamnati ke juya ta yadda ya yi mata.

6/
To me ya kawo daji cikin zancen? Gwamnatin tarayyar Amurka tana da ƙasa wajen eka miliyan 640, kusan kashi 28 cikin 100 na ƙasar baki ɗaya. Wato kusan Najeriya uku ke nan. A jihar Nevada, kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasa ta tarayya ce. A Utah ya haura kashi 60.

7/
A cikin wannan akwai filayen kiwo, dazuzzukan katako, wuraren haƙar mai, da gandayen daji na yawon buɗe ido. Ku ɗauki Yankari a ranku, sai ku ninka. Na farkonsu, Yellowstone, tun 1872. Hukumar da ke kula da su kuwa an kafa ta a 1916, da aiki biyu: ta bar mutane su shiga su more, ta kuma adana wurin lafiya lau domin 'yan baya.

8/
A bakin kowane gandu akwai ƙananan garuruwa da rayuwarsu kacokan ta dogara da baƙi. Mai otal, mai gidan abinci, mai gidan mai, direban bas, mai wankin zanen gado. Babu ɗayansu da ke karɓar albashin gwamnati. Amma in aka sa wa gandun kwaɗo, tukunyarsu ce ke fara sauka.

9/
Mu fara da 1995. Bill Clinton na fadar shugaban ƙasa, Newt Gingrich na kakakin majalisar wakilai. Rigima kan rage kashe kuɗi, har da na inshorar lafiyar tsofaffi. An rufe sau biyu: kwana 5 a Nuwamba, ma'aikata wajen 800,000 a gida, sannan kwana 21 daga 16 ga Disamba zuwa 6 ga Janairun 1996.

10/
A wannan karon kulle ƙofa aka yi. Wurare 368 na hukumar gandun daji aka rufe, aka yi asarar baƙi wajen miliyan 7. Grand Canyon, ƙaton kwazazzabon nan na jihar Arizona, an rufe shi karon farko tun da aka mai da shi gandun ƙasa a 1919.

11/
Gwamnan Arizona, Fife Symington, ransa ya ɓaci har ya kwashi dakarun tsaron jiha ya nufi ƙofar gandun, wai sai an buɗe. Ba a buɗe masa ba a ranar. Amma a zagaye na biyu aka yi yarjejeniya, jihar ta riƙa biyan dala dubu 17 da 'yan kai kullum don a buɗe wani ɓangare. Nan aka fara abin da ya zama al'ada: jiha ta biya kuɗi don tarayya ta yi aikinta.

12/
Abin bai tsaya a daji ba. Takardun neman fasfo na Amurkawa wajen 200,000 suka taru ba mai dubawa. Na biza kuwa, tsakanin 20,000 zuwa 30,000 kullum ke maƙalewa a ofisoshin jakadancinsu a duniya. Ka ga rigimar mutum biyu a Washinton ta iske wanda ke layi a wata ƙasa can daban.

13/
A siyasance, Gingrich ne ya kwashi kashinsa a hannu. Ya yi ƙorafin cewa a jirgin shugaban ƙasa, a hanyar dawowa daga jana'izar Yitzhak Rabin, ba a kula shi ba, aka kuma fitar da shi ta ƙofar baya. Jaridu suka mai da shi abin dariya. Clinton ya sake cin zaɓe a 1996.

14/
Bayan nan aka yi shekara 17 ba a sake ba. Sai 2013. Barack Obama da 'yan Rifablikan na majalisar wakilai, da Sanata Ted Cruz yana zuga, kan dokar inshorar lafiya da ake kira Obamacare. Kwana 16, daga 1 ga Oktoba. Wurare 401 aka rufe ƙaf.

15/
Abin dariya abin tausayi: ranar farko ta rufewar ta zo daidai da cikar gandun Yosemite shekara 123. Google ya sa hotonsa a shafin farko yana taya murna, alhali a daidai lokacin ma'aikata na ba masu kwana a ciki wa'adi su tattara su fita.

16/
A wannan ranar dai, a Washinton, tsoffin sojojin Yaƙin Duniya na Biyu suka iso daga jihar Mississippi, wasu a keken guragu, don ziyartar dandalin da aka gina domin tunawa da su. Suka tarar da shinge. Aka ture shingen suka shiga, 'yan majalisa na gefe, kyamarori na ɗauka.

17/
Wannan hoton ne ya canza komai. Dattijo ɗan shekara casa'in, a keke, an tare masa hanya. Ba wanda ya tambayi wa ya hana kasafi wucewa. Tambayar ta koma: wa ya sa shinge? Wasu daga cikin 'yan majalisar da suka jawo rufewar su ne a gaba wajen tsine wa masu gadi.

18/
Aka kira shugaban hukumar, Jonathan Jarvis, gaban majalisa aka yi ta yi masa tambayoyi awanni. Hujjarsa: doka ta ɗora mini kare waɗannan wurare, an kuma tura yawancin ma'aikatana gida, da wa zan kare su in na bar ƙofa a buɗe? Su kuma suka ce da gangan ya yi, don jama'a su ji zafi su matsa wa majalisa.

19/
Zargin nasu yana da tushe a tarihi, gaskiya. A 1969, da gwamnatin Nixon ta rage wa hukumar kuɗi, shugabanta George Hartzog ya riƙa rufe fitattun wurare kwana biyu a mako, har da hasumiyar Washinton. Jama'a suka yi ca, majalisa ta dawo da kuɗin. Har yau akwai sunan da ake kiran wannan dabarar da shi a siyasarsu, daga sunan hasumiyar.

20/
Ko da gangan ko ba da gangan ba, ga lissafin da hukumar ta fitar daga baya: baƙi sun ragu da kusan miliyan 8 a Oktoban, garuruwan bakin gandu sun yi asarar dala miliyan 414. Oktoba kuwa kakarsu ce, da cinikin watan da yawansu ke ratsa hunturu.

21/
Sai jihohi suka sa hannu a aljihu. Utah ta biya dala miliyan 1.67 na kwana 10. Arizona dala 93,000 kullum saboda Grand Canyon. New York dala 61,600 kullum saboda mutum-mutumin 'yanci da ke bakin teku. Majalisa ba ta mayar musu da kuɗin ba. Mutanen jihohin sun biya haraji sau biyu a kan abu ɗaya ke nan.

22/
Akwai kuma waɗanda ba sa shiga lissafi. Shiga kogin Colorado da kwalekwale ta cikin Grand Canyon sai da ƙuri'a, wasu sai sun shekara da shekaru suna jira. Ranarsu ta zo, sun kashe dubban daloli, suka tarar da shinge a mashigar Lees Ferry. A Alaska, masuntan ƙaguwa suka zauna a tashar ruwa saboda babu mai sa hannu a lasisi.

23/
To a taƙaice tsarin 1995 da 2013 shi ne: a kulle. Daji ya huta, ba a taɓa shi ba. Amma mai otal da mai wanke-wanke sun sha wuya, 'yan siyasa kuma sun sha kunya a talabijin. A ganina darasi ɗaya Washinton ta ɗauka daga nan: kada a sake bari a ɗauki hoton ƙofa a kulle.

24/
Sai 22 ga Disamban 2018. Donald Trump na neman dala biliyan 5.7 don katangar iyakar Meziko, 'yan Dimokurat suka ce ba za su bayar ba. Kwana 35, har 25 ga Janairun 2019. Wannan karon aka juya tsarin: a bar ƙofa a buɗe, ma'aikata su tafi gida.

25/
Ku tuna dokar ba ta canza ba. Kalmar nan dai ce, "kare dukiya". Gwamnatin Obama ta karanta ta ce a rufe. Gwamnatin Trump ta karanta ta ce a bari a buɗe da 'yan tsirarun jami'an tsaro. Doka ɗaya, karatu biyu.

26/
Ku ƙaddara kasuwa ce babba a lokacin Sallah, an buɗe ƙofofi, ba mai karɓar kuɗin shiga, ba mai shara, ba mai kula da banɗaki. Lokacin hutun Kirsimeti ne, shiga kyauta, mutane suka yi ta kwarara. Cikin kwana kaɗan bola ta cika ta tumbatsa. A Yosemite sai da aka rufe wasu sansanoni saboda bahayar mutane a gefen titi.

27/
Wanda ya fi taɓa ni shi ne gandun Joshua Tree a hamadar Kalifoniya. Bishiyar da aka sa wa gandun sunanta a hankali take girma, 'yan santimita kaɗan a shekara, tana kuma iya haura shekara 150. Wasu suka sare irin waɗannan, wasu suka tsinke sarƙar shinge suka kutsa da motoci inda ba hanya.

28/
Tsohon shugaban gandun, Curt Sauer, ya ce gyaruwar ɓarnar za ta iya ɗaukar shekara 200 zuwa 300. Ƙasar hamada ba ta mantuwa, in taya ta taka ta sawun na daɗewa. Haka aka samu sawun motoci a busassun tafkunan Death Valley. Rigimar kwana 35 ke nan fa.

29/
Su wa suka tare ɓarakar? Mutanen gari. Masu shagunan kayan hawan dutse da 'yan sa-kai suka riƙa sayen takardar banɗaki da kuɗinsu, suna wanke masai, suna kwashe shara a motocinsu. Ba don neman suna ba, sun san in gandun ya lalace abincinsu ne ya lalace.

30/
Da abin ya yi ƙamari, muƙaddashin ministan da ke kula da filayen, David Bernhardt, ya ba da umarnin a taɓa kuɗin shiga da aka tara a baya, a biya masu shara. Wannan kuɗin an ware shi ne don gyare-gyare. A Satumban 2019 ofishin binciken kuɗi na majalisa ya ce yin hakan ya saɓa doka. Wato an ci na gobe don a rufe kunyar yau.

31/
Wani abin lura: a daidai lokacin da babu mai kwashe shara, ba a daina ba kamfanoni lasisin haƙar mai da gas a filayen gwamnati ba. Har kiran wasu ma'aikata aka yi su dawo saboda wannan. Amma horon masu kashe gobarar daji, da ƙona ciyawa na rigakafi da ake yi da hunturu, an ɗage da yawa. Daga nan za ka gane me ake ɗauka da muhimmanci.

32/
Ɓangaren mutane kuwa: ma'aikata 800,000. Wajen 380,000 hutun dole, wajen 420,000 kuma dole su zo aiki ba albashi. Sau biyu ranar biya na zuwa ba komai. Dakarun tsaron gaɓar teku sama da 40,000 suna bakin aiki, iyalansu na layin karɓar abinci kyauta.

33/
Wani zai ce, ma'aikacin Amurka guda, albashi biyu kawai? Binciken babban bankinsu a wancan lokacin ya nuna kusan mutum 4 cikin 10 ba za su iya fitar da dala 400 nan take ba in larura ta taso. Haya, bashin mota, inshora, duk wata-wata ne. Shi kuwa ministan kasuwanci Wilbur Ross, hamshaƙin attajiri, ya ce bai gane me ya kai su layin abinci ba, ai sai su ci bashi.

34/
Ƙabilun asali na Amurka su ma sun ɗanɗana. Kakanninsu sun ba da ƙasa bisa yarjejeniyar gwamnati za ta riƙa kula da lafiya da wasu hidimomi. Da kuɗi ya tsaya, asibitocinsu suka shiga ƙunci. A yankin Navajo ƙanƙara ta rufe hanyoyi, masu sharewa ba su isa ba, mutane suka maƙale a gidaje.

35/
Me ya kawo ƙarshensa? Ba bishiya ba, ba layin abinci ba. Ran 25 ga Janairu, masu kula da zirga-zirgar jiragen sama kaɗan suka ce ba su da lafiya, aka dakatar da jiragen da ke zuwa filin LaGuardia na New York. A ranar aka sa hannu. Ofishin kasafi na majalisa ya ƙiyasta asarar dala biliyan 11, biliyan 3 a ciki ba za ta dawo ba.

36/
A Janairun nan aka yi dokar da ta ce a biya ma'aikatan gwamnati bashin albashinsu bayan kowace rufewa. Madalla. Amma masu shara, masu gadi da masu dafa abinci da ke ƙarƙashin 'yan kwangila ba sa ciki. Su ne masu ƙaramin albashi, su ne kuma ba a biya. 'Yan majalisa kuwa albashinsu bai taɓa tsayawa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

37/
Sai 2025. Daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamba, kwana 43, ya karya tarihin na 2019. Rigimar kuma ta sake komawa kan tallafin inshorar lafiya. Kafin a fara, tsoffin shugabannin gandaye fiye da 40 suka rubuta wasiƙa suna roƙon in za a tura ma'aikata gida, to a kulle ƙofa. Ba a saurare su ba.

38/
Aka tura wajen kashi biyu cikin uku na ma'aikatan hukumar gida, aka bar yawancin wurare a buɗe. A Yosemite aka ga masu dirowa da lema daga kan dutsen El Capitan da rana tsaka, abin da doka ta hana. Jihohi irin su West Virginia suka sake sa kuɗinsu don ofisoshin baƙi su ci gaba da aiki.

39/
Amma a wannan karon zafin ya gangaro har cikin kwanon abinci. Tallafin sayen abinci da mutum wajen miliyan 42 ke dogaro da shi ya tsaya a farkon Nuwamba, aka yi ta jeka-ka-dawo a kotu. Sannan hukumar jiragen sama ta ba da umarnin rage tashin jirage a manyan filaye 40. Kwanaki kaɗan bayan haka aka daidaita. Kun ga an maimaita.

40/
To mu jera su. 1995 da 2013: an kulle, daji ya tsira, garuruwan bakin gandu sun yi asara, hoton ya fito a fili. 2018 da 2025: an buɗe, mai otal ya ɗan samu ciniki, daji ya sha ɓarna, an cinye kuɗin gyara, hoton kuma bai yi zafin na da ba. Gaba kura, baya siyaki.

41/
Kuma ku lura da tsawon kwanakin: 21, 16, 35, 43. Biyun da aka bar ƙofa a buɗe su ne suka fi daɗewa. Ba na cewa wannan kaɗai ne dalili, rigingimun sun bambanta. Amma ina ganin in aka ɓoye zafin daga idon masu kallo, masu rigima ba sa gaggawar sasantawa.

42/
Ni dai in aka tambaye ni, in har sai an rufe, gara a kulle ƙofar. Na san mai gidan abinci a bakin Zion ba zai so jin haka ba, kuma yana da gaskiyarsa, haya ba ta jira. Amma asararsa ana iya lissafa ta a biya shi, in ana so. Bishiyar da ta shekara 150 kuwa, ba majalisar da za ta zauna ta dawo da ita.

43/
Kuma ainihin matsalar ba ƙofa ba ce. Tsari ne da ya bar masu yanke hukunci suna karɓar albashi, ya jingina kuɗin rigimarsu a kan mai shara da kan ƙasar da aka ce ta kowa ce, har da waɗanda ba a haifa ba. An sha kawo ƙudirin da zai sa kasafin bara ya ci gaba da kansa in an makara. Har yau bai zama doka ba.

44/
Nan zan tsaya. Ku fa, in ku ne ke riƙe da makullin gandun, ma'aikatanku na gida, mutanen gari na roƙonku ku buɗe, me za ku yi? Ina son jin hujjarku a ƙasa. In zaren ya amfane ka, tura wa wani ya karanta.